Wanda Ba Ya Son Komai, 'Yantacce Ne? Muhawara Kan Marguerite Porete da Meister Eckhart

Ladi_Jos:
Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wata mata da labarinta ya tsaya mini a rai, ina so mu tattauna shi. Sunanta Marguerite Porete, 'yar yankin Hainaut, wajen iyakar Faransa da Beljiyam ta yau. An ƙona ta da ranta a dandalin Grève da ke birnin Paris ranar 1 ga Yuni, 1310, a kan littafi ɗaya tak da ta rubuta da Faransancin zamaninta, mai suna Madubin Sauƙaƙan Rayuka.

Tana cikin matan da ake kira Begin. Mata ne da suka keɓe kansu don ibada amma ba su ɗauki alkawarin zama sista ba. Ba su ƙarƙashin miji, ba su cikin gidan ruhubanawa, suna saƙa da wankin ulu da jinyar marasa lafiya su ci da kansu.

Abin da ta koyar shi ne rai yana hawa mataki bakwai. A na biyar sai ya mayar wa Allah nufinsa gaba ɗaya, ya zama ba shi da wani so nasa na kansa. Ba ya kwaɗayin aljanna, ba ya tsoron wuta, kunya da girma duk ɗaya ne a wurinsa. Irin wannan rai ne ta kira 'yantacce. Har ta sa shi ya yi sallama da kyawawan halaye, yana cewa ya daɗe yana yi masu bauta, yanzu ya fita daga hannunsu.

To mu da muka tashi muna jin cewa 'yanci shi ne ka zaɓi abin da kake so ba mai tare ka, yaya za mu fahimci wadda ta ce sai ka daina so sannan ka 'yantu? Kuma ta tsaya a kan haka har wuta.

Sadauki:
Anti Ladi, Allah ya ba ki haƙuri, ni wannan ban ga 'yanci a cikinsa ba. Mutumin da ba ya son komai ai ya mutu a tsaye. Ko bawan da ke cikin mari yana da abin da ransa ke so, shi ne ma abin da ubangidansa bai iya ƙwacewa. Ita kuma ta ce wannan ɗin ma a miƙa shi?

Ɗan Seminari:
Ɗan'uwa Sadauki, tambayarka ce malaman wancan zamani suka fara da ita, kuma ba Marguerite ce ta ƙago amsar ba. Ta tarar da ita ne.

Ka ɗauki Anselm, babban bishop na Canterbury da ya rasu a 1109. Ɗalibinsa ya ce masa 'yanci shi ne iya yin zunubi da iya barinsa. Anselm ya ce a'a. In haka ne, to Allah ba shi da 'yanci ke nan, mala'iku tsarkaka ma ba su da shi, tunda ba sa zunubi. Sai ya ce 'yanci shi ne ikon riƙe nufi a kan daidai saboda daidai ɗin kansa, ba don lada ba, ba don gudun bulala ba. A wurinsa mashayin da zai iya sha ya kuma iya bari bai fi wanda giya ba ta ma jan ransa 'yanci ba.

Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya raba abin gida uku. Akwai 'yanci daga tilas, wannan kowa na da shi, nagari da mugu, kuma ba ya ɓacewa. Akwai 'yanci daga zunubi, wannan alherin Allah ke bayarwa. Akwai 'yanci daga wahala, shi kuwa sai an je can. Wanda kake karewa, Sadauki, shi ne na farko, kuma Bernard bai raina shi ba. Cewa ya yi in ka cire 'yancin zaɓi babu abin da za a ceta, in ka cire alheri babu abin da zai yi ceton. Amma shi ɗin dai ne ya yi wa'azi cewa da son kai zai ƙare, da babu jahannama. Wato abin da ake so a kashe ba ikon zaɓi ba ne, "nawa" ɗin nan ne da ke liƙe a jikin kowane zaɓi.

Kafin su duka akwai Agustin, ɗan garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, wanda ya ce ka yi ƙauna sannan ka yi abin da ka ga dama. Su kuwa duk suna jingina da maganar Manzo Bulus a 2 Korintiyawa 3:17, cewa inda Ruhun Ubangiji yake, nan 'yanci yake.

Sadauki:
To in Bernard ya faɗi kusan abu ɗaya aka mai da shi waliyyi, ita me ya kai ta wuta?

'Yar Damagaram:
Assalamu alaikum. Na karanta littafin da Faransanci na yanzu, bari in sa baki.

Littafin hira ce, galibi tsakanin Ƙauna da Hankali da Rai. Hankali shi ke ta tambaya yana firgita, Ƙauna tana ba shi amsa, har wani wuri Hankali ya kasa ɗauka ya mutu. Maganar sallama da kyawawan halaye ita ce ta farko cikin jimlolin da malamai 21 na Jami'ar Paris suka duba a watan Afrilun 1310 suka ce bidi'a ce. Sai dai jimloli aka yanko aka ba su. A cikin littafin ita da kanta ta yi bayani da misalin bara: mutum ya yi wa maigidansa hidima har ya fi shi dukiya da sani, sai ya bar shi don ya sami wanda ya fi, shi kuma tsohon maigidan ya dawo yana yi masa biyayya. Halayen ba su tafi ba, suna nan tare da ran, yanzu su ke yi masa hidima.

Haka kuma inda ta ce irin wannan rai yana ba ɗabi'arsa duk abin da ta nema ba tare da damuwa ba. Wannan ma an kafa mata hujja da shi. Amma nan take ta ƙara da cewa ɗabi'ar ta riga ta gyaru da ƙauna har ba ta neman abin da aka haramta.

Abin da nake ganin ya fi ƙona masu rai shi ne ta raba Ikilisiya biyu: ƙarama, wadda Hankali ke mulki, da babba, wadda Ƙauna ke mulki, wato rayukan nan 'yantattu, kuma ta ce babbar ce ke ciyar da ƙaramar. Mace, ba digiri, ba da Latin ba, tana gaya wa bishop cewa shi ɗan ƙaramar ce.

Kuma ku sani an riga an yi mata kashedi. Bishop na Cambrai ya sa an ƙona littafin a gabanta a garin Valenciennes, ya hana ta yaɗa shi. Ba ta bari ba. Ta nemi malamai uku suka duba shi suka amince, cikinsu har da Godfrey na Fontaines, babban malamin tauhidi a Paris, ta ci gaba da aika shi har ga wani bishop ɗin. Shi ya sa aka yanke mata hukuncin wadda ta koma ga laifi bayan gargaɗi.

Baba Katikis:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Zan fara da abin da babu gardama a kansa: ƙona mutum saboda littafi zunubi ne, waɗanda suka yi shi za su amsa a gaban Ubangiji. Ban zo kare wuta ba.

Amma tsoron da suka ji ba na banza ba ne. 'Yata ta Damagaram, shi Godfrey ɗin da kika ambata, bayan ya amince, ai ya ce kada mutane da yawa su gan shi, domin za su iya barin rayuwar da aka kira su gare ta suna hangen wadda ba za su taɓa kaiwa ba.

Na ga wannan da idona. Akwai wani bawan Allah a ƙauyenmu, mai himma ƙwarai, shi ke fara zuwa ya share majami'a tun da asuba. Ya shiga dogon azumi a kan dutse, ya sauko ya ce Ruhu ya 'yanta shi, ba sauran doka a kansa. Ya daina zuwa sujada, ya daina zuwa gona, ana tsakiyar damina ciyawa ta cinye masa dawa. Wata Lahadi bayan an tashi na tarar da matarsa a bakin ƙofa, goye da yaro, riƙe da kwano ba komai a ciki, ta kasa ma buɗe baki ta roƙa. Da na je wurinsa, ayar nan ta Korintiyawa ya karanta mini.

Babban taron bishop-bishop da aka yi a Vienne daga 1311 zuwa 1312 ya lissafa kurakurai takwas da ya ce ana samu a wurin Begin da takwarorinsu maza. Ciki akwai cewa mutum zai iya kai matsayin da ba ya zunubi tun a duniya, cewa daga nan ba ya bukatar azumi ko addu'a, cewa ba ya ƙarƙashin biyayya ga kowa. Ina karanta su sai na ga mutumin ƙauyenmu, wanda bai taɓa jin sunan Vienne ba. Mai littafi tana iya nufin abu mai tsarki. Wanda ya ji daga bakin wani, rabin jimla yake ɗauka, kuma rabin da ya yi masa daɗi.

Malam Na Fagge:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba Katikis, Allah ya ƙara girma. Wannan ciwo da ka faɗa mu ma mun san shi a gidanmu, kuma tun da daɗewa.

An gaya wa Imam Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, cewa wasu na cewa masana Allah suna kai matsayin da za su bar ayyukan ibada. Ya ce wanda ke sata da zina ya fi mai wannan magana kyawun hali. Imam Gazali ma ya yi raddi mai zafi ga masu halatta komai da sunan sun isa. Har gobe in ka ji ana rigima a kan shari'a da haƙiƙa a garin nan, tushenta ke nan.

Amma su waɗannan malamai ba su jefar da maganar 'yanci ba. Imam Ƙushairi, a Risalarsa, babi guda ya ware mata, ya ce haƙiƙar 'yanci tana cikin cikar bauta. Wanda bautarsa ga Allah ta cika, babu wani abin halitta da zai sake mallakarsa, ko kuɗi, ko sarauta, ko yabon mutane. Akwai kuma maganar da ake jinginawa ga Sayyidina Ali, cewa masu bauta don kwaɗayi bautar 'yan kasuwa suke yi, masu yi don tsoro bautar bayi, masu yi don godiya su ne ke bautar 'ya'ya.

Malama Ladi, game da sallama da halaye, ga yadda na ɗauke ta. Almajiri yana shekaru da allo a hannu, ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa, malam na tsaye da dorina. Ranar da ya haddace sai ya jingine allon. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce ya bar karatu, alhali yanzu ne karatun ya shiga jikinsa, yana tafe yana yi, yana kwance yana yi. Wanda kuma ya jingine allo tun yana izu biyu ya ce shi ma ya gama, to shi ne mutumin Baba Katikis. Daga waje allunan biyu a jingine suke iri ɗaya.

Ɗan Seminari:
Allah ya gafarta Malam, wannan kashi uku na ɗan kasuwa da bawa da ɗa, Bernard ma ya kawo shi: bawa yana tsoro, ɗan ƙodago yana neman ladansa, ɗa yana girmama uba. Yesu kuma ya ce wa almajiransa a Yohanna 15:15 ba zai ƙara kiransu bayi ba, abokai ya kira su.

'Yar Damagaram:
Malam, akwai wani abu da zai ba ka sha'awa. Jean de Joinville, wanda ya rubuta tarihin Sarkin Faransa Louis na 9 ya kammala a 1309, shekara ɗaya kafin a ƙona Marguerite, ya ba da labarin wani fada mai suna Yves, ɗan ƙungiyar ruhubanawa masu wa'azi ta Dominikan, mai jin Larabci, da aka aika Dimashƙa wurin sarkinta. A kan titi ya ga wata tsohuwa da kaskon wuta a hannun dama, da kwalbar ruwa a hagu. Ya tambaye ta. Ta ce za ta ƙona aljanna da wutar, ta kashe jahannama da ruwan, don kada kowa ya sake yin alheri saboda lada ko tsoro, sai don ƙaunar Allah kaɗai. Wannan shi ne labarin da muke ji ana bayarwa a kan Rabi'atul Adawiyya ta Basra. Ga shi a littafin fadar Faransa, cikin yabo, a daidai lokacin da mace mai irin wannan magana ke tsare a Paris.

Barista_Kd:
Da izininku manya. Ni inda na fi mai da hankali shi ne shari'ar kanta.

Alƙalin da ya bincike ta, William na Paris, shi ne fadan da Sarkin Faransa Philip na 4 ke furta zunubansa a gabansa, kuma shi ne aka ɗora wa binciken mayaƙan Templar, wata ƙungiyar ruhubanawa masu yaƙi, tun 1307. Ranar 12 ga Mayu, 1310 aka ƙona 54 daga cikinsu a bayan garin Paris. Ba a cika sati uku ba aka ƙona ta. Sarki yana so duniya ta ga shi ne mai tsaron addini, a lokacin da ake zargin dukiyar Templar yake hari. Wannan ba muhawarar tauhidi kaɗai ba ce.

Ita kuwa me ta yi? Kusan shekara ɗaya da rabi tana tsare ta ƙi rantsuwa, ta ƙi amsa tambaya ko ɗaya. Mutumin da ya fito yana kare ta, Guiard na Cressonessart, da ya ga wuta sai ya janye, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Ita ba ta janye ba.

To ga abin da ke damuna. Wannan tsayuwa aikin mai nufi ne, nufi mai ƙarfin gaske. Ni a nan na ga 'yancinta, ba a koyarwar kashe nufi ba. Ita koyarwar ma tsoro take ba ni, don masu mulki sun fi kowa son ta. Ka gaya wa talaka kada ya so komai, girma da wulaƙanci ɗaya ne, ai ka gama da shi.

Ɗan Seminari:
Yaya Barista, in masu mulki na son koyarwar, da sun raba littafin kyauta. Dubi kayan aikin alƙali guda biyu ne: ya ce in ka janye za ka tsira, in ka ƙi za ka ƙone. Dukansu suna aiki ne a kan mai kwaɗayi da mai tsoro. Matar da ta rubuta cewa ba ta neman aljanna ba ta gudun wuta, da me za ka riƙe ta? Shirun nan nata daga cikin koyarwar ya fito.

Bari in shigo da Meister Eckhart, don shi ne ya ba maganar ƙashin falsafa. Bajamushe ne daga Thuringia, an haife shi wajen 1260, ɗan Dominikan, ya riƙe kujerar koyarwa a Paris sau biyu. Zuwansa na biyu, 1311 zuwa 1313, a gidan Saint-Jacques ya zauna, gida ɗaya da William ɗin nan. A wa'azinsa kan Matiyu 5:3, masu albarka ne matalauta a ruhu, ya ce matalauci na gaskiya shi ne wanda ba ya son komai, bai san komai ba, ba shi da komai. Ya ce muddin mutum yana riƙe da nufin cewa shi ne zai cika nufin Allah, to bai talauce ba tukuna. Masana da yawa sun lura yadda wannan wa'azi ya yi kama da littafinta.

Dalilinsa ga shi. Duk abin da kake yi don wani abu, wancan abin ne ke juya ka. Ya ce wasu na son Allah kamar yadda suke son saniya, don madara da cukunta. 'Yan kasuwar da Yesu ya kora daga Haikali, ya ce su ne mutanen kirki masu azumi da tsayuwar dare don Allah ya biya su. Shi Allah ba ya aiki don wani dalili da ke wajensa. Eckhart ya ce da za ka tambayi rayuwa shekara dubu me ya sa take rayuwa, amsarta ɗaya ce, ina rayuwa don ina rayuwa. Mai 'yanci shi ne wanda aikinsa ke fitowa haka, daga can ƙasan ransa inda ya haɗu da Allah, babu "don me". A wa'azin nan na Matiyu 5:3 ne ya roƙi Allah ya raba shi da Allah, wato da allan da ya sassaƙa a kansa don biyan bukatarsa.

Shi ma bai tsira ba. Babban bishop na Cologne ya buɗe masa shari'a a 1326. Ya ce yana iya yin kuskure amma ba zai zama ɗan bidi'a ba, don kuskure na hankali ne, bidi'a ta nufi ce. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Avignon, inda Paparoma yake zaune a lokacin, ya rasu kafin hukunci. Ranar 27 ga Maris, 1329 Paparoma John na 22 ya haramta jimloli 28 nasa, 17 a matsayin bidi'a, 11 abin zargi, kuma takardar hukuncin ta yi ƙorafin cewa a gaban talakawa marasa ilimi ya yi wa'azinsu.

Malam Na Fagge:
Maganar saniya da 'yan kasuwa babu sufin da zai musa ta. Na kuma ji cewa yana ambaton Ibn Sina da Musa bin Maimun da sunansu a littattafansa na Latin. Amma kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Inda ya ce ƙasan rai da ƙasan Allah ɗaya ne, da inda yake maganar haihuwar Ɗa a cikin rai, nan hanyarmu ta rabu. A wurinmu bawa bawa ne ko ya kai ina, Ubangiji kuma Ubangiji ne. Bayan fana'i, wato mutum ya shagala da Allah har ya manta da kansa, akwai baƙa'i, wato ya dawo hayyacinsa ya tsaya a sahu tare da kowa. Wanda bai dawo ba majazubi ne, ana yi masa uzuri amma ba a bin sa.

Sadauki:
Malam, wannan dawowar ita nake son ji. Shi Eckhart ɗin mutuminsa yana dawowa kuwa, ko can yake zama matarsa na yawo da kwano?

Ladi_Jos:
Ƙanena, nan ne ya fi burge ni. Ka san labarin Marta da Maryamu a Luka 10. Maryamu ta zauna a ƙafafun Yesu tana saurare, Marta tana ta hidimar baƙi, har ta yi ƙorafi, Yesu ya ce Maryamu ta zaɓi rabo mafi kyau. Shekaru aru-aru masu wa'azi na cewa Maryamu ce ta fi, mai tunani ta fi mai aiki. Eckhart ya juya shi. Ya ce Marta ce babba a ruhu. Ta rayu, ta gogu, tana tare da abubuwa amma ba su cikinta, tukunya ba ta raba ta da Allah. Ƙorafinta ma tausayi ne, tana tsoron kada ƙanwarta ta maƙale a daɗin zama ta kasa wucewa gaba. Maryamu sai ta koyi rayuwa tukuna.

Tun yana shugaban gidansu a Erfurt ya gaya wa matasan ruhubanawa cewa ko mutum yana cikin wahayi irin na Manzo Bulus, in ya san wani mara lafiya na bukatar ɗan romo daga hannunsa, ya fi masa ya bar wahayin ya kai romon. Ya kuma ce masu waɗanda ke gudun kasuwa da mutane don neman natsuwa, ba wuraren ne ke hana su ba, su ne da kansu a cikin wuraren.

Baba, da mutumin ƙauyenku ya kai inda Eckhart ke nufi, da ya fi kowa sammako zuwa gona.

Baba Katikis:
Haka ne 'yata. Amma Eckhart ba ya nan lokacin da matar ke tsaye a bakin ƙofa. Mu ne muke nan.

Ɗan Seminari:
Baba, almajiransa ma sun ga wannan haɗari. Heinrich Suso ya rubuta wata hira da ya yi da wani siffar mutum. Ya tambaye shi daga ina, ya ce ban fito daga ko'ina ba. Kai wane ne, ya ce ni ba komai ba ne. Me kake so, ya ce ba na son komai. Sunanka fa, ya ce Ɗan Daji Mara Suna. Ina hikimarka ta nufa, ya ce 'yanci mara linzami, mutum ya bi abin da ransa ya ba shi bai duba gaba bai duba baya ba. Kalmomin duk na Eckhart ne, Ɗan Dajin ma da malamin yake kafa hujja. Suso ya ce masa wannan 'yanci ne mara tsari, domin ya share bambanci tsakanin Mahalicci da halitta. Jan van Ruusbroec, wanda ya bar Brussels ya koma dajin Groenendaal a 1343, shi ma ya yi ta faɗa da masu zama shiru babu aiki suna kiran hutun jikinsu haɗuwa da Allah. Ya ce mai ruhu na gaskiya yana shiga ya huta a cikin Allah, yana fita ya yi wa kowa hidima, dukansu a lokaci ɗaya.

Ladi_Jos:
Wani abu kuma. Littafin Marguerite bai mutu ba. An fassara shi zuwa Latin da Italiyanci da Ingilishi, ya yi ta yawo babu sunan marubuci, ruhubanawan ƙungiyar Kartusiya a Ingila suna kwafarsa. A 1927 aka buga shi a Landan da amincewar hukumar Katolika, ana zaton wani namiji ne ya rubuta. Sai a 1946 wata masaniya 'yar Italiya, Romana Guarnieri, ta gano cewa shi ne littafin da aka ƙona mai shi. Jimlolin ba su canza ba. Da aka ɗauka na malami ne sai aka karanta su da kyakkyawan zato.

Barista_Kd:
Wannan ne ya sa ban gamsu ba har yanzu. Malam ya ce alluna biyu a jingine iri ɗaya suke daga waje. To wa zai tantance? A 1310 amsar ita ce fadan sarki. Gwajin romon da Anti Ladi ta kawo mai kyau ne, amma babu inda takardun shari'ar suka nuna an tuhume ta da lalata ko cutar da wani. Littafi ne da ƙin biyayya.

Ku dubi kuma waɗanda suka biya kuɗin. Da aka fitar da dokokin Vienne a 1317, ɗaya daga ciki ta haramta zaman Begin gaba ɗaya, duk da ta bar 'yar kafa ga mata masu tsoron Allah. A garuruwan bakin kogin Rhine aka rufe gidaje, aka tilasta mata cire tufafinsu na ibada, bishop na Strasbourg ya buɗe bincike a shekarar. Yawancinsu masaƙa ne da masu jinya da ba su taɓa ganin Madubin ba. Abin ya yi muni har Paparoma John na 22 ya fitar da wata takarda a 1318 yana cewa a bar na kirki su zauna lafiya. Gidajensu na Flanders, a Beljiyam ta yau, ne suka fi tsira, 13 daga ciki UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1998. Matan nan su ne Marta ɗin da ake yabo, masu kai romo da hannunsu, kuma su aka fara kora.

Baba Katikis:
Barista, abin da aka yi wa matan nan zalunci ne, ban da ja. Amma in ka ce kada kowa ya tantance, ka bar matar da kwano ita kaɗai da mijinta da ayarsa. Mu abin da muka yi, dattawan majami'a muka je muka zauna da shi a zaure, ba sau ɗaya ba, matasa suka yi gayya suka nome masa abin da ya rage na gonar, mata suka riƙa kai wa iyalinsa abinci. Ba mu kore shi ba, ba mu kuma bar shi ya hau bagadi ya koyar da kowa ba.